Daga Taragon Barci Zuwa Kotun Ƙoli: Yadda Kanada Ta Ɗora Wa Masu Ɗaukar Aiki Nauyin Kawar Da Wariya

A shekarun 1940, jirgin ƙasan da ya tashi daga Montreal ya nufi Vancouver sai ya shafe kwanaki yana keta daji da fili da duwatsu kafin ya hango tekun yamma. Masu hali suna da taragon barci, kuma a kowane tarago akwai mutum guda da ba barci ya kawo shi ba. Shi ne hadimin tarago. Shi ke ɗaukar kaya, ya shimfiɗa gadaje, ya goge takalman fasinjoji suna minshari, ya rarrashi yaro mai kuka, ya tashi wanda tasharsa ta kusa. In ya samu awa uku ko huɗu ya runtsa a ɗakin shan taba, to ranar ya taki sa'a. Albashin bai taka kara ya karya ba, tukwici ne ke riƙe gida, don haka dole fuska ta zauna a sake ko an ci masa mutunci. Fasinjoji ba su damu da sanin sunansa ba. Kowane hadimi George ne a bakinsu, sunan George Pullman, attajirin Amurkan da ya shahara da irin waɗannan taragu.

Kusan dukkan hadiman baƙaƙen fata ne, wasu haifaffun Nova Scotia da Ontariyo, wasu daga Amurka, wasu daga tsibiran Karebiyan. A cikinsu har da masu ilimi mai zurfi, domin a Kanada ta wancan zamani ayyukan da ake ba baƙar fata ba su da yawa. Kuma inda mutum ya shiga, nan zai tsufa. Kwandastan taragon barci, wanda ya fi albashi da girma, farar fata ne kullum. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan jirgin ƙasa ba ta share musu hawaye ba. Da farko ta fararen fata ce zalla, har hadiman suka kafa tasu a Winnipeg a 1917. Da aka karɓe su daga baya, sai aka raba ma'aikata gida biyu, kowane gida da jerin daɗewarsa a aiki, ta yadda hadimi ba zai taɓa tsallakawa zuwa rukunin da kwandastoci suke ba. A cikin yarjejeniyar aiki aka rubuta wannan, kamfani ya sa hannu, ƙungiya ta sa hannu.

Doka kuwa tana bayan mai dukiya. A watan Yulin 1936 wani direba ɗan asalin Jamaika, Fred Christie, ya shiga wata mashaya a ginin wasanni na Forum da ke Montreal, aka ce masa an hana a sayar wa baƙar fata. Ya kai ƙara, kotun farko ta ba shi dala 25, masu mashaya suka ɗaukaka ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli. A Disambar 1939, wata uku bayan Kanada ta shiga yaƙi da Hitila, kotun ta yanke cewa ɗan kasuwa yana da 'yancin yin hulɗa da wanda ya ga dama. Alƙali ɗaya tak ya ƙi amincewa. In mai mashaya yana da wannan iko a kan wanda ya zo da kuɗinsa a hannu, ina ga mai kamfani da wanda ya zo roƙon aiki?

Yaƙin ne ya fara sauya iska. Ƙasar da ta zubar da jinin 'ya'yanta wajen yaƙar aƙidar fifikon jinsi, da wuya ta ci gaba da kare irinta a gida ba kunya ba tsoro. Ƙungiyoyin Yahudawa da na baƙaƙen fata da wasu na ƙwadago suka haɗa kai, kuma sunan Kalmen Kaplansky, haifaffen Poland, ma'aikacin ɗab'i, tsohon soja, yana sahun gaba a wannan fafutika. A 1948 wani matashin ɗan jarida, Pierre Berton, ya yi wa mujallar Maclean's wani gwaji. Mata biyu suka riƙa buga waya neman aiki a wurare iri ɗaya, ɗaya da suna Grimes, ɗaya da suna Greenberg, wanda kowa ya ji ya san na Yahudawa ne. Wuraren da suka ce wa Grimes ta zo a gan ta sun ninka na Greenberg fiye da sau biyu. Sau da yawa aikin da aka ce wa Greenberg an riga an cike, in Grimes ta kira sai a same shi a buɗe.

Dokokin suka riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan. A 1944 lardin Ontariyo ya haramta manna alluna da sanarwa masu nuna wariyar launi ko addini, wato ya sauke allon daga bango, ya bar mai allon da halinsa. A 1947 Saskatchewan, ƙarƙashin Tommy Douglas, ya kafa dokar haƙƙoƙin jama'a. Wadda ta shiga wurin aiki kai tsaye ita ce ta Ontariyo ta 1951, a zamanin Firimiya Leslie Frost, wadda aka kwaikwayo daga ta jihar New York ta 1945. Ta hana ƙin ɗaukar mutum ko korarsa saboda launinsa ko addininsa ko asalinsa. Tsarinta na sulhu ne: jami'i ya bincika, ya zaunar da ɓangarorin biyu, sai in abin ya faskara a je ga tara, ita ma tarar ba ta kai ta hana kowa barci ba. Gwamnatin tarayya ta yi tata a 1953, kuma ita ce ta shafi jiragen ƙasa.

Hadiman tarago suna cikin waɗanda suka fara gwada kaifinta. Tun 1945 reshen Kanada na ƙungiyar hadiman da A. Philip Randolph ya jagoranta a Amurka ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Canadian Pacific. Shugaban reshenta na Toronto, Stanley Grizzle, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa alƙalin ba da takardar zama ɗan ƙasa, yana cikin waɗanda suka matsa lamba. A tsakiyar shekarun 1950 George Garraway ya zama kwandasta baƙar fata na farko a wannan kamfani. A Canadian National, kamfanin gwamnati, sai da Lee Williams na Winnipeg ya yi shekaru yana shigar da ƙorafi a kan kamfanin da kuma ƙungiyarsa kafin a haɗe jerin nan biyu a 1964. Abin takaicin shi ne nasarar ta zo ne a lokacin da jirgin sama da manyan tituna suka fara kwashe fasinjoji, taragon barci yana ja da baya.

A 1962 Ontariyo ya tattara dokokinsa ya mayar da su kundi guda na haƙƙin ɗan'adam, ya ba hukuma mai ma'aikata na dindindin aikin tsare shi, Daniel Hill ya zama daraktanta na farko. Sauran larduna suka bi sahu, tarayya ta kafa tata dokar a 1977. Jerin dalilan da aka haramta ya yi ta tsawo: bambancin mace da namiji ya shiga kundin Ontariyo a 1972, naƙasa a farkon shekarun 1980.

Sai dai duk waɗannan dokoki mutum iri ɗaya suke farauta, wato wanda ya ƙi ka da gangan. Kotuna sun fahimce su a kan cewa sai an nuna mugun nufi. Mai kamfanin da ya iya bakinsa ya tsira. Haka ma wanda bai nufi kowa da sharri ba, amma ƙa'idar da ya kafa tana tankaɗe wasu ta bar wasu. A nan gizo ke saƙar, kuma wata mai sayar da tufafin mata ce ta warware ta.

Theresa O'Malley ta yi shekaru tana aiki a kantin Simpsons-Sears na garin Kingston. A Oktoban 1978 ta shiga cocin Seventh-day Adventist, wanda mabiyansa ke kiyaye Asabar daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, ba aiki ba ciniki. Shi kuwa kanti, Asabar ce ranar kasuwarsa. Ƙa'idarsa ita ce duk mai cikakken aiki ya riƙa karɓar yammacin Juma'a bi da bi, ya kuma yi Asabar biyu cikin uku. Babu shaidar cewa wani a kantin ya tsani addininta. An dai ce mata ƙa'ida ta kowa ce. Aka sauke ta daga cikakken aiki zuwa na 'yan awoyi, kuɗin shigarta ya ragu. Ta kai ƙorafi. Kwamitin bincike ya kore shi, kotu ta gaba ta kore shi, kotun ɗaukaka ƙara ta lardi ta kore shi. A idonsu, wanda ya yi wa kowa abu ɗaya bai nuna bambanci ba.

Ranar 17 ga Disamba, 1985, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta juya wannan fahimta. Mai shari'a William McIntyre, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce manufar dokar ita ce a kawar da wariya a kuma share wa wanda aka cuta hawaye, hukunta mai laifi ba shi ne kan gaba ba, saboda haka sakamakon ƙa'ida ake dubawa, ko da wanda ya kafa ta zuciyarsa fari fat ce. Telan da ya ɗinka riga mai awo ɗaya ya raba wa dukan gida ba zai ce ya yi adalci ba, alhali ta shaƙe wani ta yi wa wani burum. Tunanin ba a Kanada aka fara shi ba. McIntyre ya jingina da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1971 a shari'ar Griggs, inda kamfanin lantarki na Duke Power ya sa sharaɗin takardar sakandare da jarrabawa ga ayyukan da ba sa buƙatarsu, sharaɗin da ya fi tsame baƙaƙen fata.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa masu kamfani. Kotun ta ce idan ƙa'ida mai ma'ana ta takura wa wani saboda addininsa, ƙa'idar za ta iya zama daram, amma wajibi ne ubangidan aiki ya ɗauki matakan sassauta masa, har iyakar inda sassaucin zai jawo wa kamfani wahalar da ta wuce kima. Kuma shi ne zai kawo hujjar cewa ya yi ƙoƙari, tunda littattafan kuɗi da jadawalin aiki a hannunsa suke, ma'aikaciya ba ta da hanyar sanin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Simpsons-Sears bai kawo hujja ko ɗaya ba, sai ya faɗi. Diyyar da O'Malley ta samu bayan shekara bakwai ana shari'a ita ce giɓin albashin 'yan watanni, domin tun 1979 ta yi aure ta daina neman cikakken aiki. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma Musulmin da ke neman awa ɗaya ya je Juma'a daga wata masana'anta a Toronto ko Calgary a yau, a kan wannan hukunci yake tsaye, ko ya sani ko bai sani ba.

A wannan rana ta 17 ga Disamba, 1985 dai, a wannan kotu, wani mutum ya fita da hannu rabbana. Karnail Singh Bhinder mai gyaran lantarki ne a wurin ajiye taragu na Canadian National a Toronto, mabiyin addinin Sikh, wanda addininsa ya hana shi ɗora komai a ka sai rawani. A ƙarshen 1978 kamfani ya wajabta hular kwano ga kowa a wurin. Bhinder ya ƙi, aikinsa ya ƙare. Masu binciken farko sun goyi bayansa, sun ga cewa in akwai haɗari, a kansa yake shi kaɗai. Amma mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka ce hular sharaɗi ce ta haƙiƙa ga aikin, kuma da zarar an tabbatar da haka, babu sauran maganar sassauci ga mutum guda. Babban Joji Brian Dickson bai yarda ba, ya rubuta nasa ra'ayin daban. Mutum biyu, dukansu addini ya sa suka rasa gurbinsu a watanni masu maƙwabtaka na shekara guda, ɗaya ta ci ɗaya ya faɗi. Lauyoyi sun yi shekara goma sha huɗu suna fama da wannan tufka da warwara.

Shari'ar da ta fara gyara ɓarakar daga wata masana'antar madara ta fito, a garin Wetaskiwin na lardin Alberta. Wani ma'aikaci, Jim Christie (sunan ne kawai ya haɗa su da Fred na Montreal), ya nemi hutu ba biya ranar Litinin ɗin Ista ta 1983, wadda ta zo daidai da wata ranar ibada a cocinsa. Litinin ce ranar da aiki ya fi yawa, domin madarar da ta taru a ƙarshen mako ba ta jira. Aka hana shi, bai zo ba, aka sallame shi. A 1990 Mai shari'a Bertha Wilson ta Kotun Ƙoli ta tambayi abin da ya kamata a tambaya tun farko: in da ciwo ne ya kwantar da shi ranar, masana'antar za ta tsaya? Tana da hanyar cike gurbin marar lafiya da na mai hutu, to me ya hana a yi amfani da ita? Ta lissafo abubuwan da za a auna kafin a ce wahala ta wuce kima, irin su kuɗin da za a kashe, girman kamfani, sauƙin musanya ma'aikata, lafiyar jama'a, da abin da zai taɓa yarjejeniyar ƙwadago.

Shekara biyu bayan haka, ƙungiyar ƙwadago ma ta sha nata kashin. Larry Renaud mai shara da kula da ginin makaranta ne a yankin Okanagan, shi ma mai kiyaye Asabar, kuma aikinsa na yamma ne har ƙarfe 11 na dare, Juma'a a ciki. Hukumar makarantu ta yi tunanin mayar da shi Lahadi zuwa Alhamis, ƙungiyarsa ta ce hakan ya saɓa yarjejeniya, ta yi barazanar tayar da rikici. Aka kore shi. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu: a 1992 Kotun Ƙoli ta kama hukumar da ƙungiyar duka. Ta kuma ja kunnen ma'aikata cewa wanda ke neman sassauci dole ya ba da haɗin kai, ya karɓi mafita mai ma'ana ko da ba ita ce burinsa ba. A nan ne Kanada ta rabu da maƙwabciyarta. Tun 1977 kotunan Amurka suna ɗaukar duk wani kuɗi da ya wuce ɗan ƙanƙani a matsayin wahalar da ta isa uzuri. Mai shari'a John Sopinka ya yi watsi da wannan ma'auni, ya ce tunda doka ta ce wadda ta wuce kima, to akwai wahalar da dole mai kamfani ya haɗiye. Sai a 2023, a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya mai suna Gerald Groff da ya ƙi aikin Lahadi, Kotun Ƙolin Amurka ta ɗaga nata ma'aunin.

A tsakanin nan mata suna buɗe wani fagen. Bonnie Robichaud shugabar masu shara ce a sansanin soja na North Bay, wadda na sama da ita ya addabe ta da neman lalata. Ba a yi dogon musu a kan laifinsa ba a ƙarshe. Tambayar ita ce ko Ma'aikatar Tsaro, wadda ba ta aike shi ba, za ta ɗauki alhaki. A 1987 Kotun Ƙolin Kanada ta ce za ta ɗauka, saboda ubangidan aiki ne kaɗai ke da ikon gyara wurin aiki, ya mayar da wadda aka zalunta matsayinta, ya biya abin da ta rasa. Daga nan ne manyan kamfanoni suka shiga rubuta manufofin hana cin zarafi da buɗe ofisoshin karɓar ƙorafi, wasu don Allah, wasu don tsoron lauya. A shekarar dai kotun ta tabbatar da umarnin da aka ba Canadian National na ya ɗauki mace ɗaya cikin kowane mutum huɗu a ayyukan ƙarfi na yankin St. Lawrence har mata su kai kashi 13 cikin ɗari, bayan an gano ba su kai kashi ɗaya ba. A 1989 kuma, a ƙarar wasu masu karɓar kuɗi uku na kantin Safeway a Manitoba, waɗanda inshorar kamfani ta tsame su na mako 17 saboda juna biyu, kotun ta janye hukuncinta na 1978, wanda ya ɗora alhakin irin wannan bambanci a kan halitta. Ta ce tunda mata ne kaɗai ke ɗaukar ciki, wariya saboda ciki wariya ce ga mata.

Wadda ta ɗinke komai wuri ɗaya 'yar kwana-kwana ce. Tawney Meiorin ta yi shekara uku a rukunin da ke fara isa ga gobarar daji a yankin Golden na lardin Biritish Kolombiya, kuma shugabanninta ba su da ƙorafi a kan aikinta. Sai gwamnatin lardi ta shigo da sabon gwajin ƙarfin jiki, wanda masana daga Jami'ar Victoria suka tsara bayan wani binciken mutuwa ya ba da shawarar a riƙa tura masu ƙoshin ƙarfi kawai bakin wuta. Dalilin mai kyau ne, babu mai musu. Gwaji huɗu ne, ta ci uku. Na huɗun gudun kilomita 2.5 ne cikin minti 11. Ta gwada sau huɗu, mafi kyawun lokacinta ya zarce da daƙiƙa 49.4. A 1994 aka sallame ta.

Shaidar da aka gabatar ta nuna maza kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari suna cin wannan gudu a karon farko, mata kuwa kashi 35. Mafi yawan maza in sun yi atisaye za su kai, mafi yawan mata ko sun yi ba za su kai ba, saboda yadda jiki ke sarrafa iska ya bambanta. Wannan kaɗai bai isa ya rushe gwajin ba, domin wuta ba ta san mace ba ta san namiji. Abin da ya rushe shi shi ne yadda aka samo ma'aunin. Masanan sun auna matsakaicin ƙarfin waɗanda ke aikin, mafi yawansu maza, suka mayar da shi mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Ba su binciki ko mace za ta iya yin aikin lami lafiya da ma'auni daban ba. Meiorin kuwa shekara ukunta a bakin wuta suna nan a rubuce.

Ranar 9 ga Satumba, 1999, Mai shari'a Beverley McLachlin, wadda ba da daɗewa ba ta zama Babbar Joji, ta rubuta hukunci a madadin kotun baki ɗaya. Ta rushe katangar da ta raba O'Malley da Bhinder, ta kafa tambayoyi uku da kowane ubangidan aiki zai amsa in ƙa'idarsa ta cutar da wani rukuni. Shin manufar ƙa'idar tana da alaƙa ta hankali da aikin? Shin da zuciya ɗaya aka kafa ta, bisa imanin cewa ana buƙatarta? Shin da gaske ba makawa sai da ita, har ba yadda za a yi a sassauta wa mutum ba tare da wahalar da ta wuce kima ba? Gwamnatin lardi ta haye biyu na farko, ta faɗi a ta uku. Aka ba da umarnin mayar da Meiorin aiki da biyanta abin da ta rasa. Muhimmin abin da McLachlin ta ƙara shi ne kada a jira sai wani ya yi ƙorafi sannan a yi masa alfarma. Tun wajen tsara ƙa'ida ake son a tuna cewa ma'aikata ba iri ɗaya ba ne.

Masu kamfani sun yi ta gunaguni cewa an ɗora musu kayan da ba su da iyaka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a damuwar ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ba su da lauya a ofis. Kotun ta nuna iyakar a 2008. Wata ma'aikaciyar kamfanin lantarki na Hydro-Québec ta rasa kwana 960 na aiki cikin shekara bakwai da rabi saboda rashin lafiya, kamfanin ya yi ta sauya mata aiki da lokuta, a ƙarshe likitoci suka ga babu alamar za ta dawo daidai nan kusa. Kotun ta ce wajibin sassauci bai kai a ci gaba da riƙe wanda ba zai iya aikin ba har abada. Majalisu ma sun taƙaita abin da ake aunawa. Dokar tarayya, tun gyaran 1998, lafiya da kariya daga haɗari da kuɗi kawai ta ambata. Cewa kwastomomi ba sa son ganin ɗankwali ko gemu ba ya cikin lissafi.

Inda dokar ta fi rauni har yanzu shi ne bakin ƙofa, domin wanda ba a kira shi ganawa ba bai san dalili ba, balle ya kai ƙara. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Toronto, Philip Oreopoulos, ya aika takardun neman aiki kusan dubu 13 ga kamfanonin yankin Toronto, ya wallafa sakamakon a 2011: masu sunayen Turawan Ingila sun fi masu sunayen Indiya da Pakistan da Sin samun kira da tazara mai yawa, ko da karatu da gogewa iri ɗaya ne. Baƙi masu digiri, ciki har da dubban 'yan Najeriya da suka kwarara can a 'yan shekarun nan, sun san wata katangar, wato a ce sai mai gogewar aiki a cikin Kanada, abin da sabon zuwa ba zai samu ba sai an ɗauke shi. A 2013 hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Ontariyo ta ayyana cewa wannan sharaɗi a kan fuskarsa wariya ne, sai in mai kamfani ya kawo hujja mai ƙarfi.

Lardin Kebek kuwa ya ɗauki wata hanya dabam. A Yunin 2019 majalisarsa ta zartar da dokar raba gwamnati da addini, wadda aka fi sani da lamba 21, ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da lauyoyin gwamnati da wasu jami'ai sanya alamar addini a bakin aiki, hijabi ne ko rawani ko hular Yahudawa ko gicciye. Don kada kotu ta soke ta, aka lulluɓe ta da wani sashe na tsarin mulki da ke ba majalisa damar tsallake wasu haƙƙoƙi na shekara biyar-biyar. Magoya bayanta suna cewa jami'in gwamnati fuskar ƙasa ce, bai kamata a karanta addininsa a jikinsa ba, kuma tana da farin jini a lardin, wanda ya daɗe yana tuna zamanin da coci ke juya makarantu da asibitoci. Ƙa'ida ce ta kowa, in ji su. Amma gicciye yana shiga cikin riga, hijabi da rawani ba sa shiga. A Disambar 2021 aka cire wata malamar aji uku daga ajinta a garin Chelsea saboda hijabinta, aka ba ta wani aiki a makarantar. Hukumar makarantun ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan dokar, amma dole ta bi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kebek ta tabbatar da dokar a Fabrairun 2024, kuma a Janairun 2025 Kotun Ƙolin Kanada ta amince za ta saurari ƙarar waɗanda ke ƙalubalantarta.